Muryar Wa Ake Ji Ranar Wasa? Rigimar Cancanta da Kaso a Aikin Sharhin Ƙwallo

Ranar 13 ga Maris, 1957, gidan rediyon BBC ya fara watsa shiri da harshen Hausa daga Landan. Shirin na minti goma sha biyar ne kacal, kuma muryar da ta buɗe shi ta Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ce. A gidan akwai Turawan da suka shekara da shekaru suna karanta labarai, sun san na'ura, sun san inda ake jan numfashi a gaban makirufo. Da yawan shekarun aiki ake dubawa kafin a ba mutum kujerar nan, da mutumin Malumfashi bai ko kusanci ƙofa ba. Amma masu gidan sun san wanda suke so ya saurare su, sai suka nemo wanda kunnen Bahaushe zai karɓa. Da wuya a yau a sami mai cewa alfarma aka yi masa.

Kusan shekara saba'in bayan haka, a garin nasa da maƙwabtansa, babu abin da ke tara samari kamar ƙwallon Turai. Ranar Asabar da la'asar, bayan an taso daga gonakin masara da waken suya da auduga, gidajen kallo na Funtua da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur kan cika maƙil. Rumfar kwano ce da bencina, janareta na ruri a baya, a ƙofa kuma ga allo an rubuta wasannin ranar da alli. Muryar da ke fitowa daga talabijin ta mutumin Ingila ce, ko ta Balarabe idan tashar beIN mai gidan ya kamo. Akasarin waɗanda suka biya kuɗin shiga ba sa bin abin da take cewa, hayaniya ma ta riga ta danne ta. Sharhin da ake ji da gaske a kan benci ake yin sa. Kowane gidan kallo da gwaninsa, yaron da ya san nawa aka sayi ɗan wasa, wa ya ji rauni a atisaye, me ya haɗa koci da mai tsaron raga. Idan ya buɗe baki a hutun rabin lokaci, har magoya bayan abokan hamayya sukan juyo.

Irin wannan yaro ba kasafai yake kaiwa gaban makirufo ba. Idan kuma ya kai, musamman a babbar tasha ta ƙasa, akwai maganar da ke jiran sa: ai kason jiharsu aka cike da shi. Wannan magana ba a Najeriya kaɗai ake yin ta ba, kuma inda ta fi yin ƙara a 'yan shekarun nan shi ne Amurka.

Abin da kyamara ta ji a Orlando

A watan Yulin 2020, ana tsakiyar annobar korona, an killace 'yan ƙwallon kwando na gasar NBA a kusa da Orlando, jihar Florida, don a ƙarasa kakar wasa. Rachel Nichols, Baturiya mai gabatar da shirin The Jump a tashar ESPN, tana ɗakinta na otel tana waya. Kyamarar aikin da aka kafa mata a ɗakin a kunne take, saboda haka duk abin da ta faɗa ya zarce rumbun ajiyar tashar a Bristol, jihar Connecticut. Abin da ke cin ta a rai shi ne an ba Maria Taylor, baƙar fata, jagorancin shirin wasannin ƙarshe, aikin da Nichols ta ce yana cikin yarjejeniyarta. Ta ce tana yi wa Taylor fatan alheri, amma idan tashar tana jin matsin lamba ne saboda mummunan tarihinta wajen ba kowane jinsi dama, to ta je ta gyara a wani wurin, ba a kan kujerarta ba. Lokacin ba a cika wata biyu da kashe George Floyd a Minneapolis ba, manyan kamfanonin Amurka kowa na rige-rigen nuna cewa shi ba ya wariya.

Faifan ya shekara yana yawo tsakanin ma'aikata kafin jaridar New York Times ta fasa ƙwai a Yulin 2021. Nichols ta nemi gafara a cikin shirinta. Aka janye ta daga aikin bakin fili a wasannin ƙarshe na shekarar, a watan Agusta kuma aka soke shirin nata ɗungurungum. Ita kuwa Taylor, da wa'adin kwantiraginta ya cika, sai ta tattara ta koma NBC. Tashar ta rasa su duka biyun. Wadda aka fara hukuntawa a cikin lamarin wata ƙaramar ma'aikaciya ce, baƙar fata, da ta tura wa Taylor faifan: an dakatar da ita mako biyu ba albashi. Manyan da suka yanke shawarar tun farko, suka kuma bar maganar tana ruɓewa shekara guda, su suka fi fita ba ƙwarzane.

Abin lura a nan shi ne duk matan biyu sun iya aikin. Taylor ta buga ƙwallon raga da ƙwallon kwando a Jami'ar Georgia, ta yi shekaru tana aikin wasannin jami'o'i kafin ta zo nan. Nichols ta fi shekara ashirin a aikin jarida, kuma ita ma ta sha fama da mazan da ke ganin mace ba ta da abin cewa a wasanni. Amma da zarar an ce launin fatarka ne ya ba ka kujera, duk wahalar da ka sha a baya an shafe ta da kalma ɗaya. Ba ka da hanyar kare kanka, domin kowane kuskuren da za ka yi gobe zai zama hujjar masu zargi, kowace bajinta kuma za a ce sa'a ce.

Tashar da aka fi kallo a gidajen ƙwallo na Funtua, wato SuperSport ta Afirka ta Kudu, ta ga irin wannan a idon duniya. Ranar 19 ga Mayu, 2018, ana tsakiyar shiri kai tsaye bayan wani wasan zari-ruga, Ashwin Willemse ya ajiye takardunsa ya fice daga ɗakin. Kafin ya fita ya ce tun yana wasa ake kiran sa ɗan cike kaso, kuma ba zai zauna mutum biyu da suka yi wasa a zamanin mulkin wariyar launin fata, Nick Mallett da Naas Botha, suna raina masa hankali ba. Willemse shi ne gwarzon ɗan wasan ƙasar na 2003, yana kuma cikin tawagar da ta ci Kofin Duniya a 2007. Lauyan da tashar ta ɗauko ya bincika, Vincent Maleka, ya ce bai ga shaidar wariya ba, shi kuwa Willemse bai ma yarda ya bayyana a gabansa ba. Makonni uku bayan ficewar tasa, a wannan tasha dai, wani mai sharhi da harshen Xhosa, Kaunda Ntunja, ya yi wa Siya Kolisi kirari ranar da ya fito a matsayin baƙar fata na farko da ya jagoranci tawagar ƙasar. Faifan ya zagaye ƙasa, har waɗanda ba sa jin harshen suka riƙa tura wa juna. Ntunja ya rasu a 2020 yana da shekara 38. Da a ce da Turanci aka gwada shi ranar ɗaukar aiki, wataƙila da ba a san akwai shi ba.

A Ingila kuma, da Sky Sports ta sallami Matt Le Tissier da Phil Thompson da Charlie Nicholas a Agustan 2020, nan da nan aka dira kan Alex Scott da Micah Richards a kafafen sada zumunta, wai don a ba irinsu wuri aka kori tsofaffin. Scott ta buga wa Ingila wasa 140. Shekara guda bayan haka, lokacin wasannin Olamfik na Tokyo, wani tsohon ɗan majalisar dattawan Birtaniya, Digby Jones, ya fito yana kushe yadda take furta kalmomi, yana cewa tana ɓata masa shirin. Ta amsa cewa ita 'yar talakawan gabashin Landan ce, kuma tana alfahari da karin harshenta. Wannan ita ce rigimar da ta fi kama da tamu.

A nan harshe ne launin

A Najeriya kowa baƙi ne. Abin da ke tsaya mana a matsayin launin fata shi ne harshe da jiha da addini, kuma a aikin rediyo harshe ne kan gaba.

Duk wanda ya girma da rediyo a shekarun 1970 da 1980 ya san sunan Ernest Okonkwo na Rediyo Najeriya. Shi ya laƙaba wa Segun Odegbami da Christian Chukwu da Adokiye Amiesimaka sunayen da har yau ake kiran su da su. Ranar 22 ga Maris, 1980, da Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci uku da nema a Surulere ta ɗauki Kofin Afirka a karon farko, Shugaba Shehu Shagari na zaune a filin, mutane da yawa a birane sun saba rage murya a talabijin su kunna rediyo don su ji shi. Ya rasu a 1990. Babu mai hankalin da zai ce bai cancanta ba. Shi da su Ishola Folorunsho, da su Yinka Craig a talabijin, gwanaye ne na gaske. Amma manomin Dandume da ya kara rediyo a kunne ranar nan, abin da ya tsinta a cikin duk fasahar bai wuce ihun cin ƙwallo da sunayen 'yan wasa ba.

A kasuwar hatsi ta Dandume, kafin a fara ciniki sai an daidaita a kan tiyar da za a auna da ita, domin kowa ya san tiya ta fi tiya. A aikin sharhin wasanni ba a taɓa zama an yi wannan daidaitawar ba. An ɗauko tiyar Legas, wato Turanci mai santsi da takardar makaranta, aka ce da ita za a auna kowa, sannan aka kira sakamakon da sunan cancanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makarantun boko sun riga isa Kudu da gomman shekaru. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, sai a 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe tata da rediyo a Kaduna. Hedikwatar NTA da aka kafa a 1977 da ta Rediyo Najeriya duk a Legas suka fara zama, kuɗin talla a can yake, babban filin wasa na ƙasa a lokacin a can yake. Da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a 1992, tashar rediyo mai zaman kanta ta farko a can ta fara. Tashar rediyo ta farko da ta keɓe kanta ga wasanni zalla, Brila FM ta Larry Izamoje, a Legas ta buɗe a 2002. Wanda ya tashi a Faskari ko Sabuwa, ko da ya kammala jami'a, ya shiga wannan layi ne daga can ƙarshe, ga kuma karin harshen da masu barkwanci suka mayar abin dariya a dandamali. Mai ɗaukar aiki ba sai ya ƙi shi don ɗan Arewa ne ba. Ya ishe shi ya ce muryar ba ta dace da tashar ba, kuma a ransa yana jin gaskiya ya faɗa.

Maganin da ƙasa ta samo shi ne raba daidai. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da shi, na 1999 ya maimaita a sashe na 14, a 1996 kuma aka kafa hukumar da za ta sa ido. NTA da Rediyo Najeriya da Muryar Najeriya duk suna ƙarƙashin wannan doka. Ba ni cikin masu cewa a soke ta. Ba don ita ba, da wasu ofisoshin tarayya har yau ba a jin sallama a cikinsu. Amma doka kawuna take ƙirgawa, ba ta ƙirga muryoyi. Tasha tana iya cike gurbin Katsina da akawu ko direba ko mai kula da na'ura, takardunta su fita fes, alhali ranar wasa muryar da ke fita ba ta sauya ba. Sannan gurbin kansa wa ke samu? Duk wanda ya taɓa neman aikin tarayya daga wannan yanki ya san tambayar farko ba me ka iya ba ce, wa ya turo ka ce. Samari na yawo da takardu a ambulan daga gidan wannan ɗan siyasa zuwa na wancan, “Ranka ya daɗe, a taimaka a sa mana hannu.” A 2023, da wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki, wani tsohon jami'in hukumar raba daidai ɗin kanta ya amsa cewa ya karɓi kuɗin masu neman aiki. Ke nan mai uwa a gindin murhu ne ke cin kason, yaron gidan kallo kuma ya tashi da zagin kawai.

Zagin kuwa ba ya duba tarihi. Sau nawa aka gayyaci Ahmed Musa tawagar ƙasa aka ji masu cewa don a faranta wa Arewa ne? Mutumin da ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018, babu ɗan Najeriyar da ya kai shi cin ƙwallo a Kofin Duniya. Idan wanda ƙwallayensa ke rubuce bai tsira ba, ina ga mai sharhi, wanda aikinsa ba shi da raga balle a ƙirga?

Abin da ya fara sauya lamarin ba hukuma ba ce, masu sauraro ne. Da sashen Hausa na BBC ya fara kawo sharhin gasar Firimiya kai tsaye, fiye da shekara goma da suka wuce, sai ga shi abin da ake cewa Hausa ba za ta iya ɗauka ba ta ɗauke shi a guje. Satar gida, bugun kusurwa, bugun daga kai sai mai tsaron gida, canjaras, duk suka zauna a bakin yara. Sunaye irin su Aliyu Tanko, wanda daga baya ya shugabanci sashen, da Mamman Skipper suka zama sanannu a shagon mai shayi. Tashoshin FM masu zaman kansu, tun daga Freedom Radio da ta buɗe a Kano a 2003, suka gane cewa shirin wasanni na kawo kira da talla. Ita ma SuperSport da ta saka sharhi da Turancin buroka a Kofin Duniya na 2018, ba tausayin kowa ta ji ba, lissafin masu biyan kuɗin dikoda ta yi. A Nijar ma ba a taɓa wannan gardama a kan kokawa ba. Gasar Takobi, da aka fara a Tawa a 1975, da Hausa da Zabarmanci jama'a ke bin ta a rediyo, domin mai sharhin da zai kawo ta da Faransanci zalla shi kaɗai zai saurari kansa.

Akwai kuma dalilin da ya wuce jin daɗin kunne. A 2020 wani kamfanin bincike na Denmark, RunRepeat, tare da ƙungiyar 'yan ƙwallon Ingila, ya bi kalamai 2,073 da masu sharhi suka yi da Turanci a wasanni 80 na manyan gasannin Turai. Idan ana yabon basira, sama da kashi 62 cikin ɗari na yabon ga masu hasken fata yake tafiya. Idan ana kushe ta, sama da kashi 63 kan masu duhun fata yake sauka. Su baƙaƙe ƙarfi da gudu aka fi yaba musu. Wanda ke riƙe da makirufo shi ke gaya wa miliyoyi wane ne mai ƙwaƙwalwa a fili, kuma masu sayen 'yan wasa da masu ɗaukar koci su ma suna cikin masu sauraro.

Da ƙofar ta dawo hannunmu

Nan ne labarin ya daina yi mana daɗi. Yanzu da tashoshin Hausa suka yawaita, ga Arewa24 tun 2014, ga FM a kusan kowane babban gari, mu ne masu gadin ƙofa, kuma ba mu zo da sabon hali ba.

Na farko, mu ma muna da tamu Legas ɗin, sunanta Kano. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, kuma hakan ya yi amfani a littafi da labaran duniya. Amma sharhin wasa ba karatun labarai ba ne, maganar zuciya ce da gudu. Saurayin da ya zo da Katsinancin ƙauyensu ko Sakkwatanci, sau da yawa shawarar farko da ake ba shi ita ce ya gyara bakinsa, irin shawarar da Digby Jones ya ba Alex Scott. Abin da ya sa ake son sa a gidan kallo shi ake ce masa ya bari a waje.

Na biyu, takardar shaidar asali. Funtua garin jirgin ƙasa ne da auduga. Layin dogo da ya taso daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda da masana'antar gurzar auduga sun jawo Yarabawa da Ibo da Nufawa da sauransu tun zamanin Turawa. Jikokinsu a nan aka haife su, Hausarsu ba ta da maraba da ta kowa, wasu ma sun fi 'yan gida iya zaurance da habaici. A kusa da Malumfashi da Ƙafur kuma ga Hausawa Kiristoci, waɗanda sunan yanka kaɗai kan sa a tambaye su daga ina suke. Sashen nan na 14 bai tsaya kan tarayya ba, ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi, saboda haka a tashar gwamnatin jiha ma ana lissafin shiyyar Katsina da ta Daura da ta Funtua mai ƙananan hukumomi goma sha ɗaya. Mutanen Karaduwa, wato shiyyar Funtua, sun daɗe suna kukan ana danne su a wannan rabo. To, amma idan gurbin ya zo, yaron da kakansa ya zo daga Offa ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Daniel Amokachi haifaffen Kaduna ne, ba Bahaushe ba ne a asali, yana jin Hausa kamar jakin Kano, ya buga Kofin Duniya biyu. Da shi yaron Funtua ne da ba a sani ba, ya zo neman aikin sharhi a tashar gwamnati, takarda za a fara tambayar sa kafin a ji muryarsa.

Na uku, mata. Mace ta shugabanci sashen Hausa na BBC, wato Jamilah Tangaza, mata na karanta labarai da gabatar da shirin siyasa a tashoshinmu ba tare da an ɗaga gira ba. Amma wasanni an bar su kamar majalisar maza. A Kudu, Aisha Falode ta yi suna a wannan fage har ta shugabanci gasar ƙwallon mata ta ƙasa. A Ingila sai a 2007 mace ta fara sharhi a shirin Match of the Day, Jacqui Oatley, kuma ta sha suka kafin ma ta buɗe baki. A nan matsalar ta fara tun daga tushe: makarantar wannan aiki ita ce gidan kallo, yarinya kuwa ba ta shiga gidan kallo. Waya ta ɗan rage wannan tazara, domin yanzu akwai 'yan mata da ke bin Barcelona da Arsenal daga tsakar gida, sun kuma san abin da suke faɗa. Duk wanda zai ce babu macen da ta cancanta, sai ya fara faɗin inda aka ba ta wurin koyo.

Fagen da ban ga ana wannan taƙaddama ba shi ne dambe. Mai shela a gidan dambe ba a tambayar sa takarda. Idan ya iya kirarin Kudu da Arewa da Guramaɗa, ya san wanda ya kashe wa a bara, ya iya tayar da tsikar 'yan kallo, gobe ma shi za a miƙa wa lasifika. Idan bai iya ba, jama'a da kansu za su sauke shi. Sai dai abin kunya, waɗanda suka fara kai damben idon duniya ta YouTube da sunan Dambe Warriors a 2017 samari biyu ne 'yan Kudu, Chidi Anyina da Anthony Okeleke. Ba laifinsu ba ne. Sun ga daraja a abin da manyan tashoshinmu suka daɗe suna yi wa kallon wasan mahauta.

Da za a tambaye ni yadda za a ɗauki mai sharhi, da na ce a ajiye ambulan tukuna. A kunna wa kowane mai nema minti biyar na wasan Katsina United ko Kano Pillars ba murya, ya kawo shi da bakinsa, a naɗa, a sa wa faifan lamba maimakon suna. Masu saurare kuma kada su zama manyan ofis kaɗai. A haɗa da mai gidan kallo, da direban tasha, da matar da ke aiki da rediyo a gefenta. Wannan ba zai ɓoye cewa mace ce ko Basakkwace ne ba, murya ba ta ɓuya. Amma aƙalla zai tilasta wa wanda ya ƙi ya faɗi abin da ya ƙi, kuma wanda aka ɗauka yana da faifan da zai nuna ranar da aka ce masa ɗan kaso.

Ko da an yi haka, saura maganar kuɗi, wadda ta fi duk sauran kore mutane. A tashoshi masu zaman kansu da yawa, shirin wasanni ba aiki ba ne da albashi, fili ne da mai gabatarwa zai saya ko ya nemo wanda zai ɗauki nauyi. Mai shagon waya ko ɗan siyasar unguwa ya biya, a karanta sunansa sau uku. Wanda ya iya roƙon talla shi ke zama, ko da wanda ya fi shi iya sharhi yana waje. Ɗan manomin da damina ke jiran sa ba zai iya shekara biyu yana zuwa Katsina ko Kaduna aikin sa-kai ba. Shi ya sa da yawansu suka koma Facebook da TikTok, suna sharhi daga ɗaki, wasu da mabiya fiye da masu sauraron ƙaramar FM. Hoton wasan ba nasu ba ne, idan suka saka a sauke shafin, saboda haka baki kawai suke sayarwa, kuma ana saye.

A ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara kuwa, 'yan bindiga sun sauya lissafin gaba ɗaya. Manyan wasannin Kofin Zakarun Turai ƙarfe takwas ko tara na dare ake take su, kuma akwai wuraren da uba ba zai bar ɗansa ya taka zuwa gidan kallon gari na gaba a wannan lokaci ba. Ga wanda ba shi da kuɗin data, rediyo ce ta rage masa, abin da ya fi samu a cikinta kuwa shi ne a karanto masa sakamako washegari da safe.